Lallen da Ta Shiga Takaba da Shi

Shekarun baya, lokacin da hanyar Kaduna ba ta biyuwa sai da rakiyar sojoji, wani soja ya kama wa matarsa hayar ɗaki a gidanmu, nan Birnin Gwari. 'Yar Zariya ce, mai yawan dariya. Sun kwana biyu da aure, amma Amarya muke ce mata, ita kuma Yaya take ce min. Mijinta yana cikin waɗanda ake turawa daji. Sai ya yi makonni ba mu gan shi ba, sannan wata rana a ji sallamarsa, ya rame ya yi baƙi, yana tsokanata wai miyar kukata ce ta hana shi neman canjin wurin aiki.

Wata Laraba ya samu sabis ya kira ta daga can wajen Gwaska, ya ce Juma'a yana tafe. A ranar duk gidan sai da ya sani.

Alhamis da hantsi maigidana ya kira ni zaure. Ina ganin fuskarsa na san ba lafiya. Ya ce wani abokin aikin mijin Amarya ne ya bugo masa. An yi musu kwanton ɓauna jiya da yamma, suna raka manoma kwaso amfanin gona, kuma mijin Amarya yana cikin waɗanda Allah Ya karɓi rayuwarsu.

"An sanar da kawunta, yana hanya," in ji shi. "Amma sai motocin rakiya sun taso daga Kaduna. Ki zauna da ita. Kada ta ji a bakin kowa, har ke."

Haka muke yi a nan. Ba a jefa wa mace irin wannan labari tana ita kaɗai a baƙon gari, sai wani babba nata yana kusa. Na goge fuskata, na shiga na ari wayarta, na ce tawa ba caji, na tura ta ƙasan filo na kashe.

Ina fitowa na tarar ta shimfiɗa tabarma a inuwa. Ga lalle a kwano ta kwaɓa tun safe, ga leda, ga salatif ta yayyanka.

"Yaya, zo ki ƙunsa min. So nake gobe in ya shigo ya ɗauka ɓatan gida ya yi."

Mai takaba ba ta kwalliya, kowa ya sani. Janbaki ana gogewa, kitso ana tsefewa, amma lalle in ya kama ya kama. In na sa mata, da jan hannun amare za ta zauna karɓar gaisuwar mijinta, kullum ta duba hannunta ta gani. In na ƙi, sai na faɗi dalili, ni kuwa an hana ni.

Ni dai Allah bai ba ni baiwar ƙarya ba. Na leƙa kwanon na ce lallen bai jiƙu ba. Ta lakato ta nuna min, ya yi laushi kamar man shanu. Na ce hannuna ke ciwo.

"Ke da na gani ɗazu kina daka kamar za ki fasa turmin?"

Na ce to ai ranar Alhamis lalle ba ya kamawa sosai. Wallahi ban san daga ina na samo wannan ba. Ta yi dariya har tana riƙe ciki, ta ce a wane littafi, ko dai baƙin ciki nake yi za a fi ni kyau. Na taya ta dariyar.

Da aka kira azahar na samu mafaka. Na shige ɗaki na yi sallah, na daɗe a sujada ina kuka a hankali, ina roƙon Allah Ya kawo motocin nan. Ashe daɗewar ce ta ba ta dama. Ko da na fito, ta ƙunsa hannun hagu da kanta, ta naɗe da leda ta ɗaure da tsumma.

"Tun da kina min rowa, na rage miki aiki. Saura dama."

Ta miƙo min hannun. Na riƙe shi kawai, na kasa komai. Ta dubi idona ta ce ya yi ja. Na ce hayaƙi ne. Muka waiwaya tare muka kalli murhu, ko wuta ba a hura ba. Can ta janye hannunta a hankali ta ce, "Bar shi, ɗayan ma ya isa." Ba ta sake tambayata komai ba, ba ta nemi wayarta ba. Muka zauna kafaɗa da kafaɗa har la'asar ta wuce.

Da aka yi sallama a zaure ta gane muryar. Ta ce, "Kawu bai taɓa zuwa garin nan ba." Sai ta soma innalillahi tun kafin ya shigo.

A Kaduna sojoji suka yi wa mijinta sutura tare da abokan aikinsa. Ba ta ga gawarsa ba.

Da aka kwance ledar, lallen ya kama jawur, ban taɓa ganin ya yi mata kyau haka ba. Wata gwaggonta da ta zo washegari ta nemi lemon tsami da toka za ta dirje, wai mutane za su yi magana. Surukata, tsohuwar da ba ta cika sa baki a lamarin kowa ba, ta karɓe kwanon ta ce, "Ku ƙyale yarinya. Lokacin da ta sa, mijinta ta sa wa." Aka tambayi liman ma ya ce babu laifi a kanta.

A gidanmu ta yi takaba, don nan mijinta ya bar ta. Lallen tafin hannun ya goge da wanki da wanke-wanke, amma na farce ya zauna. Farce yana girma, jan yana matsawa gaba, fari yana biyo shi daga ƙasa. Duk Juma'a in za ta yanke, ɗan kaɗan take cirewa, kamar mai tsakurar gishiri. Wani lokaci in same ta zaune da carbi a dama, ta ɗora hagun a gwiwa tana kallo.

Gab da fita takaba, jan ya rage kamar zare a bakin babban yatsa. Ta kawo min reza.

"Ke kika ƙi sa min, ke za ki cire."

Na ce ta yafe min wunin nan da na ɓoye mata. Ta ce, "Ai tun a murhu na gane. Ban tambaya ba ne don in ƙara zama matarsa zuwa la'asar." Na yanke. Ta juya yatsan ta duba ta ce, "Bai ma gani ba, Yaya."

Bayan nan danginta suka zo suka tafi da ita. Mukan gaisa a waya, daga baya lambar ta daina shiga. Na ji an ce ta yi aure, Allah Ya sa haka ne, Ya sa ta dace. Ɗakin ya ga 'yan haya iri-iri, amma har yau in na ji dariya daga can ɓangaren sai na ɗaga kai.

A rediyo akan ce an rasa sojoji a daji, a wuce zuwa wani labarin. Ni kuwa na san manoman da suka kai hatsinsu gida a wancan yammacin, na kuma san wadda ta biya. In motocin sojoji suka wuce ta bakin kasuwa, yara matasa a baya rungume da bindiga, nakan tsaya da kayan cefanena in yi musu addu'a har su ɓace. Waɗanda suka riga mu, Allah Ya karɓi shahadarsu. Waɗanda suka ce wa matansu Juma'a suna tafe, ya Allah, Ka kai su Juma'ar.