Hayaƙin Roba a Ɗakinmu na Sanaiya

Har yau idan na ji ƙaurin roba sai raina ya ɓaci, kuma ba da mutum ɗaya nake fushi ba, har da kaina.

Mu uku ne a ɗakin, a gidan ma'aikata da ke Sanaiya, unguwar masana'antu a ƙasar Larabawan da muka je ci-rani. Ni direba ne. Na biyu ɗan garinmu ne, shi ma direba, jikan masunta daga Yawuri, wanda ko kwatami ya gani sai ya leƙa ko akwai kifi. Na ukun wani dattijo ne daga zangon Kumasi, mai gadi, muna ce masa Baba. Yana da asma tun yana saurayi, amma ba ta taɓa hana shi tsayuwa a bakin ƙofa ba. Aikin nan shi ke riƙe da gidansa gaba ɗaya.

Da aka sassauta kullen korona, tuƙi bai dawo sosai ba, muna yini a ɗaki. Sai ɗan garinmu ya gano a waya yadda ake yin tsutsar roba, irin mai taushi da ake maƙala wa ƙugiya don yaudarar kifi. Ya yi odar ruwan robar, fari kamar madara, da launi da ƙyalƙyali da mazubi. Zai zuba a kofi, ya sa a na'urar da muke ɗumama shinkafa, ya fito da shi yana tururi, ya tsiyaya. In ya wuce wuta sai ya koma rawaya, wani hayaƙi ya tashi mai yankar maƙogwaro, ido ya kawo ruwa.

Mai hankali waje zai fita da wannan aiki, ko ya buɗe taga ya kafa fanka tana fitar da iskar. Mu kuwa dabararmu ta fi haka. Muna tsoron kada mai kula da gidan ya ji wari, don an hana girki a ɗaki. Sai muka bi gefen taga da salatif, muka cusa tsohon tawul a ƙarƙashin ƙofa, esi mai sanyaya ɗakin yana ta juya mana iska ɗaya. Sannan muka kunna turaren wuta a kai. Ni na sayo turaren da hannuna, har ina alfahari da na samo mai ƙarfi.

Na taɓa ce wa ɗan garinmu, "Kai, wannan abu yana shaƙe ni."

Ya nuna mini takunkumin da ke fuskarsa, shuɗin nan na takarda. "Abin da ya tare korona ne zai kasa tare hayaƙi? Yalla, sa naka."

Na kuwa sa. Wautarmu ke nan. Takunkumin takarda ba ya tare irin wannan hayaƙi ko kaɗan. Baba kuwa ko na takardar ba ya da shi, don da rana yake barci bayan ya taso daga gadi, gadonsa kuma taku biyu ne daga na'urar.

Tari ya fara. A lokacin nan wanda ya yi tari a fili ya ja wa kansa da ɗakinsu killacewa, saboda haka Baba cikin matashin kai yake yinsa. Sau biyu aka yi masa gwaji, ba korona. Muka ce alhamdu lillahi, ɗan garinmu ya ci gaba da narka robarsa. Yanzu idan na tuna murnar da muka yi, ji nake kamar in mari kaina.

Ranar da numfashinsa ya fara fito kamar usur, ni na kai shi asibiti. Likita ya saurari ƙirjinsa, ya tambaye shi ko akwai abin da yake shaƙa a wurin aiki ko a ɗaki. Baba ya dube ni, ya sunkuyar da kai.

"Ƙura ce kawai, dokta. Ƙurar bakin get."

Ba zai tona asirin ɗan uwa Musulmi a ƙasar mutane ba, ko da ƙirjinsa ne a kai. Ni kuma ina tsaye da makullin mota a hannu, na bar ƙaryar ta wuce. Tsoron kada maganar ta kai ga kafil, ubangidan da takardun zamanmu ke hannunsa, shi ne ya riƙe ni, ba wata kara ba.

Da muka dawo na tarar da kofin yana cikin na'ura. Ban san lokacin da na fizge wayar daga bango ba. Na ɓalle salatif, na bankaɗe taga, zafin waje ya shigo kamar an buɗe tanda.

"Lafiyarka kuwa?" in ji ɗan garinmu.

"Kashe shi za ka yi? A kan tsutsa?"

"Ai shi bai ce komai ba."

"Yaushe ka taɓa jin ya ce wani abu? Khalas, ya isa! Ka kwashe kayan nan ka fita da su!"

Ya kwashe, ya koma yi a bayan gini, inda iska ke kaɗawa, ya kuma samo abin rufe hanci na gaske mai matata. Ashe duk ba wuya. Wannan sauƙin ne ya fi ƙona mini rai.

Ban ce robar kaɗai ta gama da ƙirjin Baba ba, ni ba likita ba ne. Na dai san yadda yake kafin ta da bayanta. Ya daina iya tsayuwar awa goma sha biyu. Ana dab da gasar cin kofin duniya da za a yi a ƙasar, kamfanoni na neman masu gadi ido rufe, shi aka sallama.

Mu biyu muka raka shi filin jirgi. Ya riƙe hannuwanmu, yana tsayawa tsakanin kalmomi yana neman iska.

"Yarana, ku yafe mini. Na dame ku da tari."

Ɗan garinmu ya juya baya yana kuka. Ni na so in ce mu ne za mu roƙe shi, na so in faɗa masa komai, amma abin da ya fito daga bakina shi ne, "Ba komai, Baba." Ya ce ya gode, ya ja jakarsa ya shiga layi.