Ɓerayen Auta

Ni dai wawa ne, gara in faɗa da bakina kafin a taya ni. Da Autata ta samu karatu a Guangzhou, ta ce min a waya aikinta a kan ɓeraye ne, ban tsaya jin ƙarshen zancen ba. Na bi layinmu a kasuwa ina shelar 'yata tana haɗa maganin ɓera a Chana, irin wanda ko gafiya ta shaƙi ƙamshinsa sai ta bar wasiyya. Har na yi wa wani ɗan Maraɗi alkawarin dillancin Nijar. Firamare ma ban gama ba, don na fi gane sayar da gyaɗa ta taga, to me ake jira daga irina?

Zuwan da na yi Guangzhou bara ba sarin takalman da na saba kaɗai ya kawo ni ba. Likita ya ce ina da suga da hawan jini, ƙafa kuma ta fara kumbura in na daɗe a jirgi. Yayyen Auta maza suka haɗa kai suka ce wannan ce tafiyata ta ƙarshe. Su za su riƙa yin oda ta waya, ni kuma a kafa min kujera bakin shago ina amsa gaisuwa. Babban har da cewa zai ajiye min fasfo, wai kada ya ɓata. Ni da na san lungunan Xiaobei, unguwar 'yan kasuwarmu a Guangzhou, tun shi yana fitsarin kwance! Auta kaɗai suke jin nauyi, don ita ce mai karatu. In ta ce Baba da sauransa, magana ta ƙare. Ƙuri'arta na zo nema.

Muka haɗu da rana a wani gidan abinci na bene a titin Huanshi. Na haye matakalar da gudu don ta gani, na isa sama ina haki kamar an koro ni. Da mai shayi ya zo na ɗaga murya da ɗan Chanancina, wai maigida, ban da suga:

"Lawban, suga meyo!"

Auta ta kalli ƙafata da ta cika silifa. Don in kawar da idonta na ce, "To yaushe maganin zai fito? Kwantena guda nake so."

"Wane magani, Baba?"

"Na ɓera mana."

Ta yi dariya har da riƙe ciki. "Baba, ai mu kiwonsu muke yi. Ko atishawa ɗaya ya yi sai an kira likita."

Ta miƙo min waya in ga bidiyonsu, don wai ba a barin baƙo ya shiga ɗakinsu, kada ya shafa musu cuta. Ni zan shafa wa ɓera cuta. Na ga ɗan farin ɓera a keji mai tsafta, ga abinci maƙil, ga ruwa, ga wata 'yar taya kamar gargaren yara. Ya hau ya fara zuba gudu, taya na juyawa, shi yana nan inda yake. Ya sauka ya kurɓi ruwa, ya koma.

"Ina magen?" na ce.

"Babu mage."

"To yunwa kuke barinsu da ita, sai sun yi gudu a ba su."

"Ga abincin nan kana gani. Gudun ganin dama ake ce masa. Ba mai sa shi."

Na ce ƙarya ne, na girme ta, ban taɓa ganin mai rai ya yi gudu don ganin dama ba. Ko ana bin ka, ko kana bin wani abu. Ta ce har a daji in an ajiye tayar, ɓerayen da ba su taɓa ganin keji ba sukan zo su hau. Ta ce akan zaɓi waɗanda suka fi gudu a haɗa su su haihu, a sake zaɓa cikin 'ya'yan, haka zuriya bayan zuriya, har a samu jinin da ake haifa da abin. Jikinsu ba ƙiba, ga juriya. Amma ita ba ƙafafun take dubawa ba, ƙwaƙwalwar take dubawa, inda daɗin abin yake.

"In kuma aka ɗaure tayar fa?" Ban san me ya sa na tambaya ba.

"Sai ya kasa sukuni. Ya yi ta zagaye, yana hawa bangon keji. Ƙwaƙwalwarsa ta koma kamar ta wanda aka hana goro."

Tana faɗa tana kallon wayar, ba ni ba, amma sai na ji kamar da ni take. Na tuna yadda nake yi in na yi wata biyu a Kano. Faɗa da kowa, har da fanka. Na tuna akan kawo min takalmin da na zo nema har ɗakin otal, in ce a'a, sai na taka bene-bene da ƙafata, in taɓa, in shinshina roba, in yi ciniki da lawban ɗin da ba ya jin maganata ni ma ba na jin tasa. Haushi ya kama ni. Na kashe ƙarfina na kai yarinya makaranta, ga shi ta dawo tana auna ni da ɓera.

Duk da haka na danne, na faɗi abin da ya kawo ni. Na ce ta kira yayyenta ta gaya musu ta gan ni garau. Na ce in suka zaunar da ni a kujerar nan, kafin azumi za su ɗauke ni a makara. Sai na jawo babbar bindigata, wadda ba ta taɓa ƙin tashi ba.

"Duk wahalar nan don wa nake yin ta? Ba don ku ba? Sanyi, zafi, jirgi, duk don ku ci ku yi karatu."

Ta kife wayar a kan tebur. Ta ce shagon ya daɗe yana ciyar da gida ko ban motsa ba, kowa ya sani. Ta ce ranar saukar karatunta a Kano ina nan Xiaobei, jinyar mahaifiyarta ta ƙarshe ma ina nan, ta waya aka gaya min. Ba ta ɗaga murya ba, shi ya fi ciwo. Na buɗe baki in ce kaya ne suka maƙale a hannun 'yan kago masu jigila lokacin, sai na tuna sun riga ni isa Kano.

Ta raka ni har bakin metro, jirgin da ke bi ta ƙarƙashin ƙasa, za ta koma Panyu inda take haya. Ta riƙe min hannu a matakala, na bar ta ta riƙe. Fasfona yana aljihuna har yanzu, ita ta sa aka bar min. Amma ran nan kafin ta shige ta juyo ta ce:

"Zan kira Yaya, Baba, ka ci gaba da zuwa. Kawai ka yi wa Allah ka daina cewa don mu ne. Mu a gida muka so ka."