Tsarabar da Salihu Bai Aiko Ba

"Wallahi Mabruka kin zubar mana da mutunci! Mutum ya sake ki shekara huɗu, kullum kina sintiri gidan uwarsa. Ko me kike nema?"

"Yaya Musa, rage murya. Maƙwabta suna ji."

"Su ji mana! Duk unguwar Sheshe wa ya rage bai sani ba?"

Mu ne maƙwabtan, kuma mun ji. Shekarar da soja suka miƙa mulki ce, hotunan 'yan takara ba su gama ɓanɓarewa daga bangon lungunmu ba. Wata uku ke nan da dawowar Mabruka daga Jidda.

Jikar Larabawan Tarabulus ce, doguwa, mai dariyar da ake jiyowa tun daga bakin rijiya. Tana shekara bakwai mahaifiyarta ta rasu. Ta auri Salihu, wani tela ɗan unguwar Madabo, ya tafi da ita Jidda neman arziki. A can zama ya ƙi. Ba duka, ba zagi, hira ce kawai ta ƙare musu. Wata safiya ya rubuta takardar saki, ya danne ta da kofin shayi, ya koma Riyad.

Mabruka ta yi iddarta a ɗakin wata Bakatsiniya, sannan ta sayi manyan tukwane biyu ta fara tuƙa wa alhazai tuwo da miyar kuka. Ba ta sanar da kowa a gida maganar sakin ba. Duk shekara in alhazai za su dawo, sai ta ƙulle tsaraba, dabino da zamzam da man zafi da takalmi mai taushi, ta damƙa wa wani ɗan unguwa ta ce, "Ka kai wa 'Yardada a Madabo. Ka ce daga ɗanta Salihu." 'Yardada ita ce surukarta, tsohuwar da ido ya fara gagara. Salihu kuwa ko wasiƙa ba ya aikowa.

Da ta dawo ta faɗa wa danginta gaskiya, amma ban da tsohuwar. Kullum da hantsi tana can, ta share mata tsakar gida, ta mulke mata gwiwa da mai, tana ƙirƙiro gaisuwa daga Riyad.

Ana haka Malam Jibrin ya fito neman aurenta. Malamin firamare ne a Goron Dutse, matarsa ta rasu, mutum mai sanyin magana. Mabruka tana son sa, in ya yi sallama har mayafi take sawa a baibai. Sharaɗinsa ɗaya ne, ta daina zuwa Madabo. Ba mugunta ba ce, tsoro yake kada wata rana Salihu ya dawo ya tarar da ita zaune a ɗakin uwarsa.

Matan lungu sun ce son Salihu ne bai sake ta ba. Ban yarda ba. In ta ambace shi, kamar tana ba da labarin garin da ta taɓa yada zango ne. Abin da na fahimta shi ne, rabuwa da miji ta iya jurewa, amma takardar nan in ta iso Madabo za ta raba ta da mace ɗaya tak da ke ce mata "'yata". Akwai kuma ɗan girman kai, gaskiya. Mabruka tana jin daɗin a ce ita ce ke riƙe da gida.

Kashegarin faɗan ta shirya ta je Madabo ta faɗa wa tsohuwar gaskiya. Ita da kanta ta ba mahaifiyata labarin, tana dariya tana share hawaye.

"Inna, akwai maganar da na ɓoye miki."

"Ta sakin?" in ji 'Yardada, tana miƙo mata ƙafa. "Mulka nan, ya fi ciwo."

"Wa ya gaya miki?"

"Ke kika gaya mini. Shekara shida ana kawo tsaraba ana cewa daga Mabruka. Ke da ko ƙosai kika saya sai duk gida ya san ke kika saya. Ranar da aka ce daga Salihu, na ce shi ke nan, ja'irin ya yi ɓarna."

"To me ya sa kika yi shiru, Inna?"

"In na yi magana kunya za ta hana ki zuwa. Wa zan samu mai hannu irin naki?"

Da la'asar Malam Jibrin ya jingine kekensa a ƙofar gidansu, ya zo jin amsa. Yaya Musa yana soro yana ta gyaran murya. Mabruka ta fito ta tsaya a bakin ƙofa, ta gaishe shi har ƙasa, sannan ta miƙe.

"Malam, ni da Salihu mun gama tun a Jidda, ko ya dawo gobe gaisuwa ce tsakaninmu. Amma tsohuwar nan uwata ce, ba zan bar ta ba. In ka amince, ka turo manyanka ranar Juma'a. Su fara biyawa ta Madabo su gaishe ta."