Wankin Da Ya Dawo Da Baba Sale Sahun Gaba

Jiya da La'asar ina sallame salla na waiwaya dama, sai ga Baba Sale a sahun gaba.

Dattijon nan yana fama da asma. Tun da muka wanke kafet ɗin masallacin unguwarmu a Rano da wani sinadari da aka sayo daga Kano, ya koma yin salla a waje kan buzunsa. Kafet kam ya fito fes kamar sabo, amma da ka kai goshi ƙasa sai warin ya shaƙe ka. Shi kuwa tari ne ke turnuƙe shi. Bai taɓa yi wa kowa ƙorafi ba.

Ranar Asabar muka fitar da kafet ɗin, muka sake wanke shi da sabulun salo, 'yar kanwa da lemon tsami, muka shanya a rana. Gaskiya bai yi sheƙi irin na wancan karon ba.

To jiyan, bayan sallar na matsa kusa da Baba Sale na ce, "Baba, an dawo ciki ke nan?"

Ya shafa kafet ɗin da tafin hannunsa, ya ce, "Ɗana, wancan wankin don ido kuka yi shi. Yau kuwa na yi sujada har na gama yi wa jikokina addu'a ɗaya bayan ɗaya, ban yi tari ba."

Ashe sabulun da iyayenmu mata ke haɗawa a tsakar gida zai iya mayar da mutum sahu. Ikon Allah!

Ku da me kuke wanke inda kuke sa goshi?