Kiyashi a Bakin Fo

Ko zan manta komai a rayuwata, ba zan manta lokacin da ɗiyata ta fara cin abinci da yawa ba. Abin da na daɗe ina roƙon Allah ke nan, sai ya zo min ta hanyar da har yau in na tuna sai jikina ya yi sanyi.

Ita ce ta fari, kuma sunan uwar mijina aka sa mata, don haka Mama nake ce mata. Tun da aka yaye ta ba ta son abinci. Loma biyu, ta kau da kai. A gidanmu na Zongo ƙofa tana kallon ƙofa, kowa idonsa yana kan ɗan kowa, ni kuwa kullum gabana faɗuwa yake kada a ce ban iya reno ba. Hajiya, uwar mijin nawa, takan ɗaga hannun yarinyar ta ce, "Takwara, ke iska kike ci a ɗakin uwarki?" A yi dariya, ni ma in yi, amma abin yana cina.

Tana cikin shekara ta biyar sai abu ya juya. Ta cinye kokonta da ƙosai ta miƙo kwano. Ta ci wake da shinkafa, kafin azahar ta ce, "Mma, yunwa." Ruwa kuwa ba a magana, ledar fiya wata ba ta daɗewa a hannunta. Na yi murna, har na faɗa wa babanta addu'a ta karɓu.

Sai dai zanen da nake ɗaura mata ya fara zagaye ta har ya yi saura. Wuyanta ya fito. Yarinyar da ta daina fitsarin kwance tuntuni, sai ga ni kowace safiya ina shanya tabarma. Na rasa yadda zan haɗa abin a kaina. Mai ci haka, ina abincin yake tafiya? Wata maƙwabciya ta ce tsutsar ciki ce. Wata ta ce tsawo take yi. Hajiya ta ce baki ne, tunda na yi ta yaɗa cewa yarinya ta fara ci, aka karɓo rubutu aka ba ta. Kowa ya faɗi nasa sai in ji kamar shi ne daidai.

Akwai kuma abin da ban faɗa wa kowa ba. In na fito da fon da take fitsari a ciki da safe na ajiye a bayan ɗaki kafin in zubar, sai in tarar kiyashi sun yi layi har bakinsa. Fon ɗan maƙwabciyata yana nan gefe, ko ɗaya ba ya zuwa wurinsa. Na wanke da omo, na sake wuri, washegari suka dawo. Kunya ta kama ni, na ɗauka ƙazantata ce, na riƙa zubarwa da sauri kafin matan gida su gani.

Da ta fara kwanciya da rana ba ta fita wasa, na goya ta muka hau zemijan, wato ɗan acaɓa, zuwa wani ƙaramin asibiti. A can Faransanci ake yi, ni kuwa makarantar allo na yi, Faransancina na kasuwa ne. Nas ɗin mace ce mai fara'a, ga layi har waje. Ta yi min nuni da hannu a baki, tana tambaya ko yarinya tana ci, tana sha. Na ce, "Boku, boku." Kalmar da na sani ke nan ta cewa da yawa. Nufina abin ya wuce misali, shi ne ma ya kawo ni. Ita kuwa ta yi murmushi ta ce, "Se biyan, madam." Wai madalla.

Aka huda yatsan Mama aka ɗiga jini a wani ɗan farin abu. Aka ce palu ne, zazzaɓin sauro, aka ba mu magani da sirop, wato maganin ruwa, na ƙarin ƙarfi. Na fito hankalina kwance, don a ganina an duba jini, kuma in an duba jini ai an ga duk abin da ke cikinsa. Ban san palu kaɗai wancan abin yake gani ba.

Maganin ya ƙare, Mama ba ta tashi ba. Ni kuma don ta samu ƙarfi sai na dage da shayi mai kauri da lemon kwalba. Na so in ce a koma asibiti, amma ɗiyar fari ce, in ka cika rawar jiki a kanta a gaban surukai sai a ce ba ka da kunya. Na zauna ina kallonta tana narkewa.

Wata safiya ta fara amai, tana riƙe ciki. Numfashinta ya koma mai zurfi da sauri, kamar wadda ta yi gudu, alhali tana kwance. Bakinta yana wani wari kamar ayabar da ta nuna ta wuce. Na kira ta, ta buɗe ido da ƙyar. Babanta yana shagonsa a unguwar Bè, amma ƙanwarsa da ke karatu, wadda ke zaune a unguwar Totsi, ta zo gaida Hajiya. Ta leƙo ta ce, "Matar Yaya, ɗauko ta. Babban asibiti za mu."

A can likita yana tambaya, ƙanwar mijina tana juya min maganar zuwa Hausa. Na faɗi ci, na faɗi sha, na faɗi fitsari da rama. Sai na ja gefen mayafinta.

"Faɗa masa kiyashi suna bin fitsarinta."

"Haba matar Yaya, kiyashi kuma? Nan fa asibiti ne. So kike ya ce daga ƙauye aka kwaso mu?"

"Ki dai faɗa."

"In ya yi dariya, ke ya yi wa."

Ta faɗa tana sunkuyar da kai. Likitan bai yi dariya ba. Ya ajiye biro, ya kira nas da ƙarfi. Aka sake huda yatsan nan dai da aka huda a baya, aka sa a wata 'yar na'ura. Na ce wa ƙanwar mijina ai an riga an yi wannan. Ita kuwa fuskar likitan take kallo. Kafin in gane me ake ciki an karɓe Mama daga hannuna, an sa mata ƙarin ruwa.

Da aka ce ciwon suga ne, na ɗauka ƙanwar mijina ce ba ta juya daidai ba. Ciwon suga da na sani na tsofaffin alhazai ne masu tumbi. Hajiya ma da ta iso cewa ta yi, "Takwarar tawa guda nawa take da za ta riga ni?" Ni kuwa shayin nan da lemon kwalba kawai nake tunawa. Na tambaya ko ni na jawo. Likitan ya sa aka faɗa min a hankali cewa irin na yara ba shan zaƙi ke kawo shi ba. Wani abu ne jiki ya daina yi, wanda ke sa abinci ya shiga jiki, shi ya sa take ci tana rama, sugan yana fita ta fitsari. Ya ce da mun ƙara jinkiri, da wata maganar ake yi.

Allah Ya tashi kafaɗarta. Ni da ko kaza ban iya riƙewa a yanka, na koyi yi wa ɗiyata allurar insulin kullum, wato abin nan da jikinta ya daina yi. Yanzu ta girma, tana makaranta, ita take yi da kanta, har tana min tsiya wai hannuna ya fi allurar zafi.

Ba na riƙe nas ɗin ƙaramin asibitin nan a raina. Ta tambaya, na amsa, kalma ɗaya ta raba mu. Abin da na koya shi ne, abin da uwa ta gani da idonta ba ƙaramin abu ba ne, ko da kiyashi ne.

Don Allah, in ɗanki yana shan ruwa ba ya ƙoshi, yana yawan fitsari, yana ci yana rama, ki kai shi asibiti ranar. In ba kya jin harshensu, ki tafi da mai juya miki, ki faɗi komai har abin da kike jin kunyarsa. In an huda yatsa, ki tambaya me aka duba. Ki buɗe baki ki ce a duba suga.