Malam Sada Bai Taɓa Zana Mutum Ba

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un.

Da safen nan, ina buɗe shago, ko shara ban gama ba, labari ya iske ni. Malam Sada ya rasu a daji, a hannun mutanen da suka ɗauke shi. Ashe ya kwana shida a ƙasa, mu muna nan muna jiran waya.

Ku yi haƙuri da rubutun.

Sai da na tabbata motar da ta ɗauki iyalinsa ta bar yankin nan sannan na zauna rubuta wannan. Ba zan faɗi inda suka nufa ba, kada ma wani ya tambaye ni a kwament. Kun san ni da surutu a shafin nan, komai na gani sai na ɗora. To surutun nan ne ya jawo, kuma yau zan faɗi yadda aka yi, don da hannuna a cikin abin da ya sami Malam.

Shi ya koya mani baƙi da wasali a firamaren ƙauyenmu, nan ƙasar Ƙanƙara. Zane ba aikinsa ba ne, sha'awa ce kawai. Kayansa duka a gwangwanin madara guda suke: biro baƙi, biro shuɗi, reza, da fensiran kala waɗanda suka gajarce har sai ya cusa su cikin sillen kara kafin ya iya riƙe su. Takarda kuwa bayan tsohuwar kalanda. Shekara na ƙarewa za ka gan shi yana bin shaguna yana roƙonta.

Dabbobi yake zanawa. Akuyar wance, ragon wane, jakin Sarkin Noma. In ya gama sai ya rubuta sunan mai dabbar da ranar a ƙasa, ya miƙa mashi kyauta ko ya ajiye.

Kuma ba ya sa masu ido. Ɗan da'ira kawai yake yi, ya bar cikin fari, saboda malaminsa na allo ya ja mashi kunne a kan hoton mai rai. Ina aji uku na ce, "Malam, mi ya sa awakinka duk makafi ne?" Ya ɗan ƙwanƙwashe ni da rula ya ce, "Mai ba da ido daban yake, Mannir. Ni fata kawai nake kwafa."

Mutum kuwa bai taɓa zanawa ba. Ko sau ɗaya. Ku riƙe wannan, don Allah.

Ranar da na zubar da fensirina ana gab da jarabawa, ina kuka don na san bulalar Baba, ya ciro jan fensirinsa ya raba biyu da reza ya ba ni rabi. Da ja na rubuta jarabawar nan. Shi kuma ya yi makin da shuɗin biro don kada a rikice.

Bana, ana gab da damina, 'yan bindiga suka kore shanun ƙauyenmu da rana tsaka. Har da san huɗar Baba, wani ja da muke ce ma Ɗan Gata, don shi ake fara ba dusa kafin mu a dama mana koko. Daga ranar Baba ya kwanta, hawan jini ya kama shi. Bayan wata biyu aka yi shela cewa jami'an tsaro sun ƙwato wasu shanu, an tara su a wani fili a Faskari, duk mai dabba ya je da shaida.

Baba ba ya iya hawa babur, ni aka tura. Ina tada mashin sai ga Malam da kalanda a naɗe cikin hammata. Ya ce, "Matsa in hau. Kai da ba ka bambance sa da saniya sai a waya."

Muka iske Ɗan Gata ya rame, tozon ya kwanta, amma na gane shi. Ina kama igiya wani hannu ya riƙe ɗaya gefen. Wani dogo ne mai baƙin tabarau, ya ce nasa ne. Na lura mutanen da ke kusa duk sun ja baya, hayaniyar wurin ta ragu. Wani tsoho ya taka mani ƙafa a hankali, wai in saki.

Ban saki ba. Ku da kun san taurin kaina.

Dattijon da ke rabon ya ce kowa ya faɗi alama. Na ce ja ne, ƙahon hagu ya ɗan karkace. Mai tabarau ya yi dariya ya ce, "Wannan ai ko makaho ya shafa ya faɗa." Aka ce in kawo wadda ba a gani. Wallahi ni da na haddace lambobin wayar mutane da ka, ban san jikin san gidanmu ba.

Sai Malam ya warware kalandarsa. Ɗan Gata ne a kwance yana tuƙa, ya zana shi tun wata bakwai kafin satar, ga sunan Baba ga rana a ƙasa. A cikin cinyar dama ta baya akwai wani farin tabo kamar tafin hannu, wanda ba ya bayyana sai san ya kwanta. Aka kama sa aka ɗaga ƙafar.

Ga tabon nan.

Wuri ya ɗauki kabbara. Mai tabarau ya saki igiya. Bai yi faɗa ba, bai ma ɗaga murya ba. Ya dai tsaya ya daɗe yana kallon Malam, sannan ya ce, "Malam ya iya zane. Daga wane gari?" Malam ya naɗe takardarsa ya juya mashi baya, muka ja sanmu.

A hanyar dawowa ya dafa kafaɗata ya ce, "Mannir, maganar nan ta tsaya nan. Ka ji ko?" Na ce na ji.

Ban ji ba.

Baba ya ga sansa ya rungume wuyansa yana hawaye, a satin ya fara fita ƙofar gida. Murna ta ɗebe ni. Na ce mutumin da ya yi mana wannan, bai kamata a ce duniya ba ta san shi ba. Dama na ɗauke shi hoto a filin, yana riƙe da kalandar. Na ɗora a nan. Na sa sunansa, na sa ƙauyen, na sa har makarantar da yake koyarwa. Na rubuta a sama: ga gwarzon da ya tona asirin ɓarayi da biro.

Tambayar da Malam ya ƙi amsa wa mai tabarau, ni na amsa ta da yatsana.

Kuka yi ta laik, kuka yi ta sharin, ni kuma kaina ya yi ta kumbura. Kafin kwana uku maganar ta canza kama. Wani ya kwafa ya ce malamin yana zana fuskokin 'yan bindiga. Wani ya ƙara gishiri, wai da ya kalli mutum sau ɗaya shi ke nan, ya zana shi ya kai wa jami'an tsaro. Na gani da idona a guruf-guruf. Ban gyara ba. Na ce ai duk yabo ne.

Ranar kasuwar Ƙanƙara ya zo shagona na cajin waya. Bai taɓa zuwa ba sai ranar. Na tashi na ba shi benci, ya ƙi zama. Ya rame a wuya, yana magana yana waigen titi.

Ya ce, "Ɗan jaridar gidanmu." Haka yake tsokanata, amma ranar babu dariya a ciki. "Baƙi biyu sun zo makaranta shekaranjiya, wai suna neman mai zane. Hedimasta ya ce masu na tahi ta'aziyya. Jiya kuma an kira ni da lambar da ban sani ba, aka yi shiru, ina jin numfashin mutum."

Na ce, "Haba Malam, ai yabonka na yi."

Ya ce, "Yabon da ke nuna ƙofar gida? Ina da ɗiya huɗu, Mannir. Goge shi."

Na goge a gabansa, na nuna mashi. Ya karɓi wayar ya juya ta, ya kalli bayanta, don shi bai san kan irin waɗannan ba. Ya ce, "To yanzu ya fita daga wayar kowa ke nan?"

Na girgiza kai.

Ya gyaɗa kai ya miƙo mani. Ya ce ya daina zane, gwangwanin ma ya ba matarsa ta zuba gishiri. Akwai wani abokinsa wajen Sabuwa da ya ce zai sama mashi ɗaki, zai je ya duba, in ya yi ya kwashe yara. Na ce in kai shi a mashin. Ya ce a'a, kada a gan mu tare. Har ya kai bakin ƙofa ya juyo ya ce, "Ka riƙa sa ma Ɗan Gata kanwa a ruwa, har yanzu bai murmure ba."

Ganina da shi na ƙarshe ke nan.

Ranar Asabar da hantsi aka tare motar da Malam ya shiga tsakanin Faskari da Sabuwa, wurin da hanya ta lalace dole direba ya rage gudu. Aka shiga daji da mutum biyar, har da shi.

Kun san yadda abin yake a nan. In an ɗauki naka, waya kake jira. Iyalan mutum huɗun nan duk an kira su cikin kwana biyu. Na Malam shiru. Matarsa, Malama Hinde, ta kawo wayarta shagona ta ce in duba ko ta lalace. Na duba, lafiya lau take. Kullum sai ta aiko da ita caji ko da a cike take. Duk wanda ya san dajin nan ya san ma'anar shirun, wato ba kuɗin fansa suke nema ba, amma ba wanda ya iya faɗa mata. Kwana goma sha tara muna haka.

Jiya aka sako ɗaya daga cikinsu, Alhaji Rabe, wani mai sayen hatsi. Ɗan'uwansa ne ya zo shago da safen nan ya faɗa mani rasuwar. Na rufe shago na tafi asibitin da aka kwantar da Alhajin. Ƙafafunsa a kumbure, muryarsa da ƙyar take fita. Na durƙusa na gaishe shi, na ce ni ɗalibin Malam ne.

Ya ce da aka tsayar da motar ba su tambayi sunan kowa ba. Ɗayansu ya ciro waya, yana duba ta yana duba fuskokin fasinja, har ya zo kan Malam ya ce, "Ga shi." Su huɗun ƙari ne kawai.

Na ce, "Alhaji, mi ke cikin wayar?"

Ya ce, "Hotonsa ne, shina riƙe da wata takarda mai sa. Da rubutu a sama, suka yi ta karanta mashi suna dariya. Wai gwarzon da ya tona asirin ɓarayi da biro."

Ko wasali ba su canza ba. Yadda na rubuta, haka Alhaji ya maimaita mani.

Ya ce a can suka kawo takarda da biro, babbansu ya zauna kan dutse ya ce a zana shi. Malam ya ce bai iya ba, bai taɓa zana mutum ba. Suka ce ƙarya yake, ga shi duniya ta shaida. Kullum sai sun kawo takardar, kullum amsarsa ɗaya. Abin da suke mashi bayan amsar ba zan rubuta ba, ɗiyansa za su girma su karanta. Daga baya zazzaɓi ya rufe shi. Ya cika bayan la'asar, kansa a cinyar Alhaji, da kalmar shahada. Su huɗun suka haƙa da itace, suka yi mashi salla a cikin rigarsa.

Sannan na yi tambayar da ta kai ni. Na ce, "Alhaji, bai bar saƙo ba? Ga wani Mannir?"

Ya yi tunani sosai, Allah Ya saka mashi, bai yi mani ƙarya don in ji daɗi ba. Ya ce, "Saƙonsa ɗaya ne, a fitar da yara daga garin. Ban ji ya ambaci Mannir ba. Wane ne shi?"

Na ce ni ne na rubuta.

Ban sani ba ko ya yafe mani. Ba kuma zan sani ba sai ranar da za mu tsaya gaban Allah, kuma ina tsoron ranar.

A nan aka yi ƙaryar, shi ya sa na kawo gyaran nan. Malam Sada bai taɓa zana fuskar kowa ba, bai taɓa kai sunan kowa ko'ina ba. San Baba ya zana yana kwance a inuwa. In hotonsa na cikin wayarka, don girman Allah ka goge yanzu, ka shiga guruf ɗin da ka tura ka goge. Kada kowa ya ɗora shi da sunan ta'aziyya. Babban ɗansa kamarsu ɗaya.

Ya Allah, ga bawanKa Sada ya zo maKa babu likkafani. Ka suturta shi da rahamarKa, Ka yalwata kabarin nan da ba mu san inda yake ba, Ka karɓi shahadarsa. Ka tsare Malama Hinde da marayunta a inda suka sauka, Ka rufe idon azzalumai daga gare su. Ka kuɓutar da ukun da suka rage a daji.

Duk wanda ya karanta, ba laik nake roƙo ba. In ka idar da sallar magariba ka ɗaga hannu ka yi wa Malam addu'a, ka sa yaranka su ce amin. In da saura a bakinka, ka roƙa mani Allah Ya sa ya yafe mani kafin ya cika.