Tarwaɗa Mai Jan Zare

Shekarun baya can, tun Di'o, Baturen mulki, na yawon rangadi a kan doki, aka yi wani fari a Kontagora har kogi ya tsinke, sai gurbi nan, gurbi can. Sarkin ruwa, wani dattijo Bakambare, ya sa aka yi shela: ba taru, ba fatsa a babban gurbi sai ruwa ya dawo. Wanda aka kama, gidansu kaf ba mai shiga su, wato kamun kifin gayya, a shekarar. Kifin ranar su kuwa shi ne miyarmu ta wata da watanni.

Ni fa mutumin zaure ne, ko rijiya ban cika leƙawa ba. Abokina ne ya faɗo mini da hantsi, ya ɓoyo fatsa biyu cikin riga.

"Tashi, malalaci! Kowa na zuwa a ɓoye. Ƙugiya ɗaya me za ta rage wa kogi?"

Na ce, "In tsohon ya gan mu fa?"

"Yana can kasuwar Bangi."

Muka je babban gurbi muka laɓe a bayan ciyawa. Shi gwanin, ko motsi bai samu ba. Ni da sai da aka soka mini tana, sai ga tarwaɗa kamar cinyata, da jan zare ɗaure a ƙayarta. Na ce, "Ka ga, har da ado ta zo!" Abokina na ganin zaren ya ce ya tuna bai ɗaure akuyarsa ba. Ranar ban ƙara ganin ƙeyarsa ba.

Na naɗe tarwaɗar a jiƙaƙƙiyar riga, na shiga gida ina taƙama. "Inna, a ɗora tukunya!"

Mahaifiyata ta ajiye mazari, ta duba, ta ce, "Wannan zaren ni na kaɗa shi, ni na rina shi da karan dafi." Ashe sarkin ruwa kan bi gurabun da ke ƙafewa, ya tsamo masu ƙwai, ya ɗaura musu alama, ya zuba a babban gurbi. "Uwar kifin baɗi ka ɗauko mini, ɗan nema? So kake a hana mu su?"

Allah ya taimake ni, tarwaɗa akwai taurin rai, tana motsi. Inna ta sa ta a ƙwarya da ruwa, ta aza mini gammo, ta ce in mayar da ita gurbi, kuma ta tsakiyar kasuwa zan bi. Wayyo, na sha tsiya! Mahauta na kira, "Ango, ina za a kai amarya?"

Ina isa na tarar da sarkin ruwa zaune gindin kanya. Ba Bangin da ya je. Da hannunsa ya sake ta, ta kaɗa wutsiya ta nutse.

Ya ce, "Tun da ka jefa fatsar nake kallonka. Da ta mutu, da gidanku bai ga su ba. To, an ce ka iya zama. Ga inuwa, ka yi gadi sai ruwa ya sauka."

Haka na koma zaman gindin kanya. Mutum na farko da na kora, abokina ne.

Ranar su, Inna ta cika kwando har ta ba maƙwabta. Ni dai tun daga nan na gane, dokar da kake rainawa, wataƙila hannun uwarka na ciki. Har yau in aka kawo tarwaɗa gidana sai na juya ta ina duba ƙayar. Jikokina su yi ta dariya, ni kuwa ba na fasawa.